Lambar Direban Motar Ruwa

Ni dai sana'ata tsofaffin ƙarafa. Ina da fili a unguwar Jelutong ta Penang, bayan kasuwa, inda masu kura da masu babur suke kawo mini abin da suka kwaso daga gidajen da ake rushewa: tukunyar tagulla, ƙafar keken ɗinki, fankar da ta daina juyawa. In auna, in biya, ba na tambayar tarihi. Makaranta kuwa ban daɗe a cikinta ba, malamin da kansa ya ce wa ubana ya daina ɓata kuɗin takalmi. Amma ina iya karanta suna da namba, kuma iyakar abin da nake buƙata ke nan.

Abu ɗaya ne ba ya hawa sikelina, shi ne lambar yabon soja. Turawan Ingila suna da wata ɗabi'a, in za su ba soja lamba sai sun buga sunansa da nambarsa a gefenta. Ranar da na fara tsintar guda a gwangwanin biskit, cikin maɓallai, na juya ta na ga sunan mutum, sai na kasa jefa ta cikin buhun azurfa. Tun daga nan nake tarawa. Na sayi tsohon kabad na mai maganin gargajiya, mai ƙananan aljihuna, na kafa shi a ɗakin kwana, kowane soja da aljihunsa. Matata Gaik ta ce ita kaɗai ce mace a duk Penang da take kwana da bataliya guda, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa kawo cefane.

Dokokina ba su da yawa. Ba a goge lamba, baƙin da ta yi nata ne. Ba a canza ƙyallen da ake rataye ta da shi ko ya zama tsumma. Sannan jabu ba ya shigo mini gida. In mutum ya kawo mini kwaikwayo, a gabansa nake ɗora shi a kan maƙera.

Lambar Ooi Swee Lam a cikin buhun cokula ta zo. Ta yaƙin daji ce, na zamanin dokar ta-ɓaci, da kan Sarauniya a fuskarta, ƙyallenta shunayya da kore a tsakiya. Irinta ba wuya ne da ita ba, ina da su da sunayen Malay da Sikh da Gurkha da Turawa. Amma sunan mutumin China ban taɓa riƙewa ba sai ita, don mutanenmu ba su cika shiga soja ba, sun fi son tsayawa bayan kanta. Wani dillali ya zo daga Singapore ya yi ta roƙo har kofinsa ya huce, na ce masa ya gaida gida. A saman ƙyallen akwai 'yan huji biyu da tsatsa ta zagaye, abin maƙalawa kuma babu.

Masu ilimi cikinmu masu tarawa, in suna neman labarin mai lamba, wasiƙa suke rubutawa London su jira. Ni ƙafa nake sawa. Na je zauren dangin Ooi, mai gadin ya tura ni wurin wani tsohon mai aski, mai askin ya tura ni wani shagon kofi a Dato Keramat, ya ce in nemi ɗan Sikh mai rawani da ya fi kowa surutu. A nan na sami Saje Harbans Singh, gemu fari har ƙirji, yana faɗa da mai shago a kan sukari.

Na ajiye lambar a teburinsa. Ya kai ta kusa da ido, ya karanta gefen, sai ya bushe da dariya har rawaninsa na girgiza.

"Swee Lam! Kai, ashe ɗan banzan nan ya bar wani abu a duniya."

"Kawu, jarumi ne?"

"Jarumin me? Motar ruwa yake ja. Amma ka saurara, ɗana, a daji wanda ya kawo ruwa ya fi janar daraja. Wata rana 'yan kwanton ɓauna suka buɗe masa wuta a hanyar Grik, suka huda tankin kamar rariya. Bai tsaya ba. Ya iso sansani ruwa na tsiyaya ta ko'ina, kuku ya fito ya leƙa tankin ya ce, ina sauran? Ko sannu bai yi masa ba."

Na nuna masa hujin nan biyu. Nan ma ya sake wata dariyar.

"Ranar faretin farko da muka sa su, abin maƙalawarsa ya karye tun a bariki. Matarsa kuwa ta haihu sabo-sabo. Sai ya zare fil ɗin nafkin jariri daga aljihu, ƙato, mai kai ruwan hoda, ya soke ta da shi. Samanja ya tsaya gabansa ya kalli fil, ya kalle shi, ya ce namiji ne ko mace? Ya ce namiji. Samanja ya wuce. Har ya bar aiki da fil ɗin nan yake sa ta."

Na biya masa kofi, na ƙara masa da soyayyar taliya. Da zan tashi ya ce ai matar tana nan da rai, a wani bene a Air Itam, sunanta Poh Choo.

Da na faɗa wa Gaik, ko ɗagowa daga yankan albasa ba ta yi ba.

"Kok Hin, ka sami labari, ka tsaya nan."

"Hotonsa kawai nake so. Lamba da hoto sun fi lamba ita kaɗai."

"To ka bar ta a aljihun kabad ka je."

Ban bar ta ba. Wanda bai taɓa tara abu ba ba zai gane ba, hannu ne yake ƙaiƙayi sai ka nuna.

Gwaggo Poh Choo 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai mini kafaɗa ba, da tabarau mai kauri. Ta zuba mini shayi, ta ciro hoton daga bango, ga Swee Lam nan siriri, kunnuwa a waje, ya jingina da motarsa. Ni kuma don in burge ta na buɗe hankici. Ta daɗe tana kallon lambar ba ta taɓa ba.

"Ɗana ne ya sayar," in ji ta. "Da zai dawo da ni benen nan kafin ya koma Ostireliya, ya kira masu kura suka kwashe gidan kaf. Tun lokacin tsohon nan ya hana ni barci."

"Wane tsoho?"

"Wane tsoho nake da shi? Zuwa yake a mafarki. Ana fareti a can, abokansa kowa ƙirji na ƙyalli, shi yana layin baya ya sunkuyar da kai. Me ban ƙona masa ba na kayan takarda? Gida mai hawa biyu, mota, 'yan aiki, har na'urar sanyaya ɗaki na tura masa. Ba ya ko kallonsu. Yanzu na gane. Ba ni."

"Me za ki yi da ita, Gwaggo?"

"In binne masa a gindin dutsen kabari, ranar Cheng Beng da ake sharar kaburbura."

Na naɗe hankicina. Na ce mata ni ba na kewaye-kewaye: saya na yi da kuɗina, azurfa ba ta zuwa lahira, in an binne ta ƙasa ce za ta ci ƙyallen, ɓarayin maƙabarta su ci sauran. Ba zan bayar ba. Ta ce to. Har bakin bene ta rako ni, tana cewa in sauka a hankali.

Washegari ina buɗe fili sai ga ta da lema. Ta zaɓi wata tayar tarakta kusa da sikeli ta zauna. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Duk wanda ya kawo kaya sai ta gaishe shi, in ya tambaya ko lafiya, ta ce lafiya lau, mijinta take jira, Tauke, wato ni mai fili, ya kulle shi a kabad. Masu kura suka fara kallona wani iri. Mai sayar da kifi da muke gaisawa tun muna yara ya daina amsa mini. Da rana Gaik ta kawo mini abinci, ta ga tsohuwa, sai ta juye mata rabin shinkafata da cinyar kazar gaba ɗaya. Kafin mako ya zagayo sun zama uwa da 'ya, suna zaune a kan taya ɗaya suna maganata kamar ba na wurin.

"Haka yake tun da can?"

"Ai Gwaggo yanzu ma ya yi laushi. Kabarin ubansa sai na ja shi da hannu yake zuwa sharewa, amma ya san ranar da kowane Baturen Scotland ya yi zazzaɓi a Johor."

Wanda ya kawo mafita Boon Teik ne, abokina tun na ƙuruciya, mai shagon kayan takarda na mamata a bakin titinmu. Shi ne yake yin gidaje da motoci da agoguna na gora da takarda waɗanda ake ƙonawa. Ya zo sayen waya ya tarar da zaman, ya ji labari, ya dubi tsohuwa.

"Gwaggo, ke ma da kanki. Motar da kika tura masa ta ƙarfe ce? Abin da bai ci wuta ba ba ya isa can. Ki binne azurfa, tana nan a ƙasa, shi yana can yana jira. Bari in yi masa ta takarda."

Na ji kamar in rungume shi, abin da ban taɓa yi ba. Tsohuwa ta juya lemarta.

"Ba ni zan yarda ba, shi zai yarda," ta ce. "A bakin kabari za a tambaye shi da 'yan katako. Jifa uku. In ya karɓi ta takarda, Tauke ya riƙe tasa. In ya ƙi har sau uku, da hannunsa zai haƙa ramin."

Ni ban yarda da 'yan katakon nan ba. Itace biyu ne jajaye masu siffar ƙoda, ka jefa sama, in ɗaya ya kwanta rigingine ɗaya rub da ciki an ce i, in duka sun kife an ce a'a, in duka sun yi rigingine mamaci dariya yake yi. Itace dai itace ne. Amma na yi tunani irin na ɗan kasuwa, na ga cikin jifa uku da wuya a rasa i guda. Ga Gaik ta kafe ni da ido, ga masu kura sun daina sauke kaya suna saurare. Na ce na yarda.

Na bar wa Boon Teik lambar ya duba a gabana, ban bar ta ta kwana a shagonsa ba. Da na koma ganin aiki, sai na tarar da wata riga a rataye, ja da ruwan gwal, kafaɗu da tuntaye, hula mai gashin tsuntsu, takobi a gefe. A ƙirjinta lambobi jere-jere, kowace kamar murfin tukunya, ɗaya ma tauraro ce mai walƙiya.

"Wannan na wane ne?"

"Na direbanka mana. Na yi masa ƙarin girma."

"Kai mahaukacin ina ne? Mutumin nan ko igiya ɗaya bai taɓa samu ba. Lamba ɗaya gare shi."

"Kok Hin, aikina ke nan. Mai kura ya mutu in ba shi marsandi, mai wankau ta mutu in ba ta 'yan aiki. Wa ya taɓa dawowa ya ce ya yi masa yawa?"

"Mota daban, wannan daban. Ka tura shi cikin sojoji da lambar da bai ci ba? Samanjansu yana can, ka sani. Tun daga bakin ƙofa za a tuɓe shi a sa shi tsallen kwaɗo. Da yana layin baya, yanzu sai gadurum."

Boon Teik ya ajiye almakashi ya dube ni sama da ƙasa.

"Au, ashe akwai fareti a can? Jiya ba kai ka ce wanda ya mutu ya mutu ba?"

"Babu fareti. Amma in akwai, ba haka ake shiga ba."

"Kai fa mai fasa jabu a kan maƙera. Yau ga ka a shagona kana neman jabu mai kyau."

"Ka yi aikinka, ɗan manna takarda."

Na zauna a kansa har ya yi ta yadda take. Girmanta daidai da ta gaske, ba ƙari. Sau biyu ina mayar masa da koren, na farko ya yi ganyen ayaba, na biyu ya yi kunun kanwa. Kan Sarauniya ya fito kamar matar mai shagon kofi, na ce ya sake. Ya lanƙwasa siririyar takarda a gefe, na riƙa karanto masa namba da suna yana rubutawa da bakin allura, yana tsine mini ƙasa-ƙasa. Har baƙin da ta yi sai da ya shafa mata da tokar turare. Da aka gama na ajiye su gefe da gefe, daga taku biyu ni kaina sai na duba sau biyu. Rigar janar kuwa ya ƙi ya yar, ya ce shi ma ya sha wahala, a bar mai ita ya zaɓa.

Ranar Cheng Beng muka hau tudun maƙabarta da safe, rana ta riga ta fara zafi. Ko'ina iyalai ne da fartanya da kwandunan abinci, hayaƙi ya cika wuri. Kabarin Swee Lam yana can sama, ciyawa ta rufe shi har ba a ganin rubutu. Tsohuwa ta dube ni, Boon Teik ya ce hannunsa na aiki ne mai laushi, Gaik ta miƙo mini adda. Ni na share, ni na kwaso ruwa na wanke dutsen. Lambar gaske tana aljihun rigata cikin hankici, ina jin nauyinta duk sunkuyon da na yi.

Gwaggo ta jera dafaffiyar kaza da lemo da kofi baƙi, ta kunna turaren tsinke, ta yi wa mijinta bayani kamar yana zaune a kujera. Sannan ta dubi kayan biyu. Idonta ya tsaya a kan rigar janar.

"Wannan za a fara nuna masa. Bai taɓa sa kaya mai kyau ba, bawan nan."

"Gwaggo, za ki ɓata mini jifa ɗaya a banza."

"Mijinki ne ko nawa?" in ji Gaik tana duban tsohuwa, wai tana kwaikwayon muryata. Suka yi dariya su biyu.

Boon Teik ya ɗaga rigar gaban dutse yana murmushi. Tsohuwa ta zagaya 'yan katako a hayaƙin turare ta jefa. Duka biyu rigingine.

"Dariya yake yi," ta ce, ita ma tana rufe baki.

"Na faɗa maka," na ce wa Boon Teik.

"Kai da ba ka yarda ba, me ka faɗa mini?"

Aka ajiye ta takardar a kan faranti gaban dutse. Ta yi kyau, ko ni na san ta yi kyau. Tsohuwa ta ce, "Tsoho, duba da kyau, ga sunanka, ga nambarka. Ka karɓa?" Ta jefa. Ɗaya ya faɗi a kife, ɗayan ya yi ta juyi a kan siminti kamar zai yi mini mutunci, sannan shi ma ya kife.

Gwaggo ta buɗe jakarta ta ciro ƙaramin cokalin magina, sabo, da takardar farashi a jikinsa, ta ajiye kusa da ƙafata. Wato tun daga gida ta shirya.

"Saura ɗaya, Tauke," in ji Boon Teik. "In fara auna maka ramin?"

Na ce a dakata. Na durƙusa na fito da ta gasken na ajiye kusa da ta takarda, ina duba abin da muka manta. Kan Sarauniya daidai. Rubutu daidai. Kala daidai. Sai idona ya kai saman ƙyallen, kan hujin nan biyu masu tsatsa. Ta takardar sumul take.

"Da me zai maƙala ta?" na ce.

"Me?"

"Mun ba mutum lamba ba abin sokewa. A hannu zai riƙe ta a fareti? Gwaggo, da me yake sa ta?"

Sai na ga bakinta ya fara rawa. Na zaci kuka za ta yi, ashe dariya ce, ta zauna daɓas a gefen kabari.

"Fil ɗin nafkin! Wayyo ni. Har yau ban yafe masa ba. Guda biyu gare ni kacal, ya sace ɗaya, yaro ya yini da nafkin a ɗaure da igiyar kwando. Wa ya gaya maka?"

"Saje Harbans."

"Wannan tsohon maƙaryacin yana nan? Ai shi ya ba shi shawarar."

Ta kai hannu za ta cire fil daga rigarta, Boon Teik ya hana, ya ce ƙarfe ba ya wucewa, kada a ɓata masa aiki. Ya zazzage kwalin tabarsa, ya zare takardar azurfar ciki, ya murza ta tsakanin yatsu ya lanƙwasa. Na ce ƙato ne, ya ƙara tsawo. Na ce kansa ruwan hoda ne, ya yagi gefen gashin hular janar ya manna da yawu. Ya soke shi a ƙyallen takarda, daidai inda hujin yake a na gasken.

Tsohuwa ta miƙe, ta share ido, ta zagaya 'yan katako a hayaƙi. "To ɓarawon fil, ga shi nan. In ka ƙi wannan ma, ni na gaji." Ta jefa.

Ɗaya rigingine, ɗaya rub da ciki.

Ban san na yi ihu ba sai da iyalin kabarin kusa suka juyo. Gaik ta ce in rufe baki, ana kallonmu. Na mayar da lambata cikin hankici, na tura ta can ƙasan aljihu, na ture cokalin maginan da ƙafa. Itace dai itace ne, har gobe haka nake cewa, amma ranar ya faɗi daidai.

Aka ƙona ta tare da kuɗin takarda. Ta ci wuta cikin ƙiftawar ido, aikin da muka yi ta faɗa a kansa. Rigar janar kuma Gwaggo ta ce a ƙona ta ita ma, ba don ya sa ba, ya ba kukun nan da bai yi masa sannu ba ya ga ko zai iya fita da ita.

Ina tattara adda da bokiti sai na ji ta ce wa dutsen, "Saura magana ɗaya." Ta sake ɗaukar 'yan katako.

"Gwaggo, an gama. Uku muka yi."

"Ukunka sun ƙare, wannan tawa ce. Tsoho, yaronka yana Ostireliya, gwiwoyina sun ƙare. Mutumin nan ya iya shara, kuma ya san ka fiye da ɗan cikinka. Kana so ya riƙa zuwa kowace shekara ya share maka, ya kawo ta gasken ka gani ko yana kula da ita?"

"Wannan ba ya cikin yarjejeniya!"

Kafin in rufe baki sun faɗi. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ko juyi ba su yi ba. Boon Teik ya yi dariya har ya riƙe dutsen kabarin wani, ya ba shi haƙuri.

"Ka ce ba ka yarda ba mana," in ji Gaik. "Amma in wannan ƙarya ce, ta ɗazu ma ƙarya ce. Ga cokali can."

Na duba ta kowace fuska ban ga ƙofar fita ba. Na ɗauki bokiti na yi gaba.

Hoton dai ta ba ni, yana aljihun kabad tare da lambar. Ta ce tun ranar tsohon bai sake zuwa ba sai sau ɗaya, kuma a layin gaba ta gan shi, ko da yake da tabarau irin nata ban san yadda ta tantance ba. Ni kuwa duk Cheng Beng ina kan tudun nan da adda. Saje Harbans ya bi mu sau ɗaya, ya zauna a inuwa yana ba da umarni, ya ce sharar tawa ba za ta wuce dubawar samanja ba. Gaik kuma ta gano cewa kabarin ubana yana kan hanyar saukowa, don haka yanzu biyu nake sharewa, kuma ta ce in na sake zuwa neman hoton wani soja in fara tambaya ko kabarinsa yana kan tudu.